Rediyon motata ba ya wuce 90, in sayi eriya ko in canza shi?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin wayarin mota ku ba ni shawara. Na sayi ƙaramar bas 'yar Japan, irin waɗanda ake juya wa sitiyari, ina jigilar 'yan makaranta da ita a Kano. Komai lafiya lau, sai rediyo. Dala FM da Rediyon Kano kaɗai yake kamawa, su ma da na fita wajen gari sai shuuu. In na danna neman tasha, lamba tana kaiwa 90.0 sai ta koma 76.0. Freedom kuwa ko tarinta ban taɓa ji ba. Wani yaro a Ƙofar Ruwa ya ce in sayi doguwar eriya da busta, mai ƙara wa eriya ƙarfi. In saya ko asara ce?

Direban Haɗeja: Wa alaikumus salam. Eriya ce, Alhaji. Tawa ma haka ta yi, na canza ta wuce.

Mai Wayarin: A'a ɗan uwa, taka daban, tasa daban. Baban Ummi, riƙe kuɗinka tukuna. Ko eriyar gidan rediyo ka kafa a kan motar nan ba za ka ji Freedom ba, don a 99.5 take, rediyonka kuwa bai san akwai wannan lamba a duniya ba. Tsoffin rediyoyin da aka yi wa kasuwar Japan daga 76 zuwa 90 suke aiki, mu kuma tashoshinmu daga 87.5 zuwa 108 suke. Ɗan tsakanin nan kaɗai kuka haɗu, shi ya sa kake samun Dala a 88.5 da Rediyon Kano a 89.3.

Akwai wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana, ana ce mata ekspanda. Ana soka ta tsakanin wayar eriya da bayan rediyo, a ba ta wuta daga layin da ke tashi in an murɗa makulli. Aikinta ta sauko da tashoshi ƙasa. In ka samu mai rage 14, Freedom za ta fito maka a 85.5, Arewa ta 93.1 a 79.1, Rahma ta 97.3 a 83.3. Amma ka sani, Pyramid ta 103.5 za ta faɗo a 89.5, kafaɗa da kafaɗa da Rediyon Kano, sai su riƙa shiga bakin juna. Duk tashar da ta haura 104 kuma ba ka da ita. Ni da motata ce, cire rediyon zan yi in sa na hannu wanda ya kai 108, a huta.

Hajiyar Zariya: Malam Mai Wayarin, ni fa canzawar ce ta jawo min. An sa min mai allo na Android, tun ranar tashar da nake ji tar-tar ta koma sai na tsaya a ƙarƙashinta. Motar 'yar Beljiyam ce.

Mai Wayarin: Hajiya, duba gilashin baya. In kin ga siraran layuka a samansa, ban da na busar da raɓa, to eriyarki ke nan, kuma tana da ƙaramar busta a ɓoye a jikin ginshiƙin mota. Tsohon rediyo shi ke ba ta wuta. Masu sa allo sun fiye barin wayar nan tana lilo, galibi shuɗiya ce. A koma a haɗa ta, aikin minti goma ne. Kada su ce miki allon ne ba kyau kafin a duba wannan.

Abu Safwan: Ku ƙara da masu mota 'yar Amurka. Nasu ya kai 107.9, sai dai tsalle yake yi a kan mara: 99.3, 99.5, 99.7. Tashar da ta ƙare da cika ba zai zauna a kanta daidai ba. A AM kuma goma-goma yake tafiya, mu tara-tara muke, don haka Rediyon Najeriya Kaduna ta 594 sai dai ka ji ta a 590 da dusashewar murya.

Direban Haɗeja: To shuuu ɗin da yake yi a wajen gari fa? Ai wannan eriya ce dai.

Mai Wayarin: Nan kam kana iya yin gaskiya. Baban Ummi, kwance gindin eriyar ka kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari, ka duba ko an ƙwanƙwatse wayarta lokacin juya sitiyari, don sukan ja ta da ƙarfi. Sannan ka zare cajar waya daga soket kana sauraro. Caja mai araha da wasu ƙwayayen fitila na LED suna kashe tasha mai rauni.

Baban Ummi: Allah ya saka da alheri. Yanzu na zare cajar, Dala ta washe sosai. Gobe in sha Allah zan shiga Ƙofar Ruwa. Malam, in na samu rediyon, yaya zan gane ba ɗan Japan ba ne shi ma?

Mai Wayarin: Kada ka biya sai an jona shi da batir a gabanka, ka murɗa da hannunka ka ga ya haura 100, ka kuma tabbatar yana tsayawa a 99.4 da 99.6.