Shin kullen mmap_lock na karatu (kullen da ke tsare taswirar memorin shiri) ya wadatar wajen bin teburin shafuka a Linux?

Mai direba (mai rubuta manhajar sarrafa na'ura): Jama'a, ga matsayina. Wanda ya riƙe mmap_lock na karatu zai iya sauka matakan teburin shafuka, daga PGD na sama zuwa P4D, PUD, PMD har PTE na ƙasa, hankali kwance. Kiran munmap ba ya cire yankin memorin shiri, wato VMA, sai da kullen rubutu, kuma ba zai samu ba muddin ina riƙe da na karatu. To wa zai janye mini tebur?

Mai bita: Malam, kullen nan jerin VMA yake tsarewa, ba abin da ke cikin gurabun tebur ba. Gurbin PMD ɗaya yana wakiltar 2 MiB a x86-64, kuma zare (thread) biyu na shiri ɗaya suna iya riƙe kullen karatu lokaci guda. Kai ka duba ka ga gurbin babu komai, ɗayan zaren ya yi kuskuren shafi (page fault, taɓa adireshin da ba a ba shi shafi ba tukuna) ya dasa babban shafi na 2 MiB a wurin. Ko kuma ka ga babban shafi, kiran madvise da zaɓin MADV_DONTNEED ya share shi, shi ma da kullen karatu yake aiki. In ka karanta *pmd sau biyu, amsa biyu za ka iya samu: ta farko ta ce tebur ne, ta biyu ta ba ka adireshin bayanan mai amfani, ka shiga fassara su a matsayin gurabun PTE 512. Shi ya sa ake karantawa sau ɗaya da pmdp_get_lockless() a ajiye, a yi duk hukunci a kan kwafin. A i386 mai PAE (tsarin faɗaɗa adireshi a injin bit 32) ma gurbin bit 64 ne da ake karantawa rabi-rabi, sai ka haɗa rabin tsoho da rabin sabo.

Mai direba: Na ji batun gurbi, Malama. Amma teburin PTE ɗin kansa ai ba ya ɓacewa.

Dattijo: Yana ɓacewa, ƙanena. Daga Linux 6.5 pte_offset_map_lock(), mai nemo gurbin PTE ya kulle teburinsa, na iya dawo da NULL, wato babu tebur. A 6.6 khugepaged, zaren kernel mai haɗa ƙananan shafuka su zama babba, ya fara janye teburin PTE na fayil da shmem (memorin tarayya) ba tare da mmap_lock ba, sai dai da i_mmap_rwsem (kullen taswirar fayil) da kullen PMD da na PTE, ya saki shafin teburin bayan jiran RCU, wato jiran duk masu karatu su gama. Aikin Hugh Dickins ne. Duba abin da pte_offset_map_lock() ke yi: ya shiga rcu_read_lock(), ya karanta PMD, ya kama kullen teburin, sannan ya sake gwada PMD da pmd_same(). In ya canza, sai ya saki ya koma farko. Direban da bai duba NULL ba zai faɗi ne a kan injin da khugepaged ke aiki sosai, ba a na gwaji ba.

Mai tsaro: Ni kam nawa ra'ayin, a kama kullen rubutu kawai a huta.

Mai bita: Ba a huta ba, Yaya. Mai kwato memori yana zuwa ta rmap, hanyar da ke kai daga shafi zuwa gurabun da ke nuna shi, da kullen anon_vma ko i_mmap_rwsem, bai san da mmap_lock ba. Zai share PTE kana riƙe da kullen rubutunka. Ga kuma tsada: ka tsayar da duk kuskuren shafin da ke buƙatar mmap_lock a shirin, alhali don rage wannan cunkoson aka kawo kullen kowane VMA a 6.4.

Dattijo: Amma akwai inda Yaya ke da gaskiya. Tun 4.20 munmap yana cire VMA da kullen rubutu, ya sauko zuwa na karatu, sannan ya saki teburan. Mai bin adireshin da ke cikin VMA da ya samo a ƙarƙashin kulle lafiya lau yake. Mai yawo a filin da babu VMA kuwa zai iya taka tebur ana tsakiyar sakinsa, wannan sai da kullen rubutu.

Mai direba: To GUP (get_user_pages, mai ɗaukar riƙo a kan shafukan mai amfani) mai sauri fa? Ba ya kama kulle ko ɗaya, kuma yana nan daram.

Dattijo: Yana da nasa shinge. Yana rufe katsewa a kan CPU ɗinsa, saboda haka mai sakin tebur sai ya jira, ko dai IPI (katsewa tsakanin CPU) na wanke TLB (ma'ajiyar fassarar adireshi) ko kuma RCU, gwargwadon injin. Bayan ya ɗauki riƙo a kan shafi yana sake karanta PTE, in ya bambanta ya mayar da riƙon ya koma hanya mai kulle. Kuma ba ya rubuta komai a tebur. Kada a kwaikwayi rabin wannan dabara.

Mai direba: Har yanzu ina nan kan cewa a matakin PGD zuwa PUD, cikin VMA mai rai, kullen karatu ya isa.

Mai bita: A nan ban musa ba, sai dai PUD na iya zama shafin 1 GiB, a gwada pud_leaf() kafin a sauka. Daga PMD zuwa ƙasa: karatu ɗaya, pmd_lock() in babban shafi ne, pte_offset_map_lock() in tebur ne, NULL ya zo a sake duba PMD. Kullen PTE ba a barci da shi a hannu, don haka babu copy_to_user() ko kmalloc da GFP_KERNEL sai bayan pte_unmap_unlock(). Shafin da kake so ya wuce wannan lokacin, ka yi masa folio_get() tun kulle na hannunka.