Neman shawara: sau uku ina zuwa kamun kifi a sanyin Kolorado ban samu ko ɗaya ba

Ɗan Yauri:
Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah masu zuwa kamun kifi a nan jihar Kolorado ta Amurka ku taimaka min da shawara. Ni a bakin ruwa na tashi, mahaifina masunci ne a Yauri, tun ina yaro nake bin shi ɗana ƙugiya da zuba mali, tarwaɗa da karfasa ba irin wanda ban kama ba, to shekarata biyu a Denba ina aiki kuma wallahi ba abin da nake kewa kamar ruwa, shine na sayi sandar fatsa mai injin naɗe zare na fara zuwa Clear Creek ta saman Golden neman kifin nan nasu na duwatsu, tirawut. A watan Satumba na ɗan samu. Amma tunda Janairu ta kama sau uku kenan ina zuwa, ina fita bayan asuba kamar yadda muka saba, in ɗana tana mai kauri, ko taɓa ƙugiyar ba a yi, rabin rafin ma ƙanƙara ta rufe, zaren yana daskarewa a jikin sandar, yatsuna har sai na daina jinsu. Wai kifin barin rafin yake da sanyi ne? Ko ni ne ban gane ba? Abin yana damuna sosai domin shi kaɗai ne ke sa min natsuwa a ƙasar nan.

Baban Khalil:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kifin yana nan bai je ko ina ba, lokacinka da wurinka ne basu dace ba. A gida da sassafe ake samu saboda zafi ne ke korar kifi, nan kuma sanyi ne ke kwantar da shi. Jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki ne, in ruwa ya kusa daskarewa komai nasa raguwa yake, ci kaɗan, motsi kaɗan, ba zai bar inda yake kwance ya bi tanarka ba ko da taku biyu ne tsakani. Daina fitar asuba kwata-kwata. Ka isa ruwa wajen 11 na safe ka tashi wajen 3, in rana ta ɗan gasa ruwan ko digiri ɗaya ya ƙaru zaka ga bambanci.

Sannan wurin. Clear Creek ruwan dutse ne zalla, shi yasa yake daskarewa. Nemi kogin da ya fito daga ƙarƙashin dam. Dalili kuwa ruwa ya fi nauyi a digiri 4 na salshiyas, wato kamar 39 a ma'auninsu na nan, to shi ne yake kwanciya a ƙasan tafki, kuma daga ƙasan ake sako shi, saboda haka ƴan kilomitoci na farko bayan dam basa daskarewa ko da saman tafkin ya zama dutse. Mafi kusa da kai South Platte ne wajen Deckers, ƙasan dam ɗin Cheesman, awa ɗaya da ƴan mintuna daga Denba. Akwai kuma Blue River da ya ratsa ta cikin garin Silverthorne ƙasan dam ɗin Dillon, shi kam daga inda ka ajiye mota kana hango ruwan.

Injiniya Aurora:
Duk abin da Baban Khalil ya faɗa haka yake, amma tsaya kafin ka ɗauki tanarka ka nufi can. Guntun kogin da ke daf da ƙasan dam ɗin Cheesman da wannan yankin na Blue River an hana tana da duk wani abincin gaske, sai na roba ko na zare, kuma duk abin da ka kama dole ka mayar ruwa. Doka tana canzawa daga wannan yanki na kogi zuwa wancan, saboda haka ka karanta ɗan littafin hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar, wato Colorado Parks and Wildlife, da allunan bakin ruwa, kuma lasisinka ya kasance a jikinka, daga shekara 16 dole ne. Na shekara ƙarshen Maris yake ƙarewa, ka duba naka.

Ɗan Yauri:
Lasisi ina da shi alhamdulillah. Amma Injiniya in ba tana to me zan sa? Kuma maganar a kama a saki gaskiya tana min nauyi, a wajenmu kifi abinci ne, mahaifina in ya ji na kama na mayar zai ce wasa nake da halittar Allah.

Baban Khalil:
Bari in amsa na farkon. Da sanyi abin da suke ci ƴan tsutsotsin wani ƙwaro ne mai kama da sauro amma baya cizo, mij suke ce masa, shi ne yake ƙyanƙyashewa har cikin hunturu. Shagunan kayan su suna sayar da kwaikwayonsa an naɗa zare a ƙugiya lamba 20 ko 22, su lambar in tana hawa ƙugiyar ƙanƙancewa take, wallahi tsawonta kamar ƙwayar shinkafa, ranar da na fara gani ban yarda zata riƙe kifi ba sai da ta riƙe min mai tsawon kamu biyu. Ba sai ka sayi sabuwar sanda ba, taka ma zata yi. Ɗaura siririn zare a gaba, wanda aka rubuta 5X ko 6X domin ruwan garau yake suna ganin mai kauri, sa ɗan dalma ya nutsar da ita, sama kuma ɗan abin da ke yawo a kan ruwa. Nemi gurbi mai zurfi inda ruwa ke tafiya a hankali, ba inda yake gudu da kumfa ba, a nan suke taruwa. Jefa sama da gurbin ka bari ruwa ya kawo ta da kansa kusa da ƙasa, kar ka ja. In baka taɓa ƙasa jefi-jefi to baka kai inda suke ba, ƙara zurfi. Kuma cin nasu ba irin fizgar tarwaɗa bane, abin saman zai ɗan tsaya ne kawai ko ya karkata, nan take ka ɗaga.

Maman Hanifa:
Ni ba kifi ne damuwata ba, kai ne ƙanina. Maigidana yana zuwa kuma na ga yadda ya dawo ranar da ya zame ya jiƙe har ƙirji, baki na rawa ko magana baya iyawa. Kar ka tafi kai kaɗai, kar ka taka ƙanƙarar da ta fito daga gefen rafi domin ƙarƙashinta ruwa ne ke gudu, kar ka sa kayan auduga a ciki, in suka jiƙe basa bushewa, sa na ulu. Ajiye busassun kaya da fulas ɗin shayi a mota. Alwala kuma yi ta tun daga gida ko ka tafi da ruwan ɗumi, azahar a can zata same ka. In Silverthorne zaka je ta babbar hanyar I-70 akwai dokar taya daga Satumba zuwa Mayu, ka tabbatar tayoyinka sun cika sharaɗi.

Injiniya Aurora:
Maganar saki kuwa na fahimce ka, nima da farko haka na ji. Amma duba, Cheesman ɗan guntun kogi ne kuma kullum cike yake da mutane har da sanyin nan, da kowa zai tafi da biyu da tuni ya ƙare, kamar dai yadda a Argungu ake hana su a Matan Fada sai lokacin biki. In na ci kake so akwai ruwaye da yawa da aka yarda ka ɗauki huɗu a rana, ka bari sai bazara ka cika tukunya. Wanda zaka saki kuma kar ka ɗaga shi sama kana hoto, iskar da ta kai daskarewa tana lalata masa abin da yake numfashi da shi cikin ɗan lokaci, cire ƙugiyar yana cikin ruwa. In ka ga tsakuwa fes an share ta kamar faifai a wuri mara zurfi kewaye ta, tirawut mai launin ruwan ƙasa da kaka yake zuba ƙwai a irin wurin kuma ƙwan suna nan a ciki har ƙarshen sanyi.

Ɗan Yauri:
Allah ya saka muku da alheri, na gode ƙwarai. Yaya Maman Hanifa na ji kuma ba zan sake zuwa ni kaɗai ba in sha Allah. Baban Khalil in kana da sarari ranar Asabar mu tafi Deckers tare, ni zan kawo mota da shayi, kai dai ka nuna min yadda ake ɗaura ƙaramar ƙugiyar nan da yatsu masu sanyi.

Baban Khalil:
Ba damuwa, amma a gida zamu ɗaura tun daren Juma'a, a bakin ruwa yatsu basa yi. Ka zo ɗaukata ƙarfe 9.