Shawarwarin direbobi kan tuƙi a kan ƙanƙara

Ranar 11 ga Fabrairu, 2021, motoci sama da 130 suka yi karo a babbar hanyar I-35W da ke Fort Worth a jihar Texas ta Amurka, mutum 6 suka rasu. Yayyafi ne ya daskare a kan kwalta.

Direbobin da suka tattauna lamarin sun fi jaddada rage gudu tun da wuri, domin siririyar ƙanƙarar nan ba ta ganuwa, sai ka ɗauka titin jiƙewa kawai ya yi. Gadoji ke fara daskarewa, saboda iska mai sanyi na bi ta ƙarƙashinsu. A bar tazara sosai, a kunna fitilu, kada a taka birki da ƙarfi.

Saɓanin ya taso ne kan abin yi bayan karo. Mafi yawa sun ce ka zauna cikin mota da bel ɗinka. Wasu suka ce in akwai sarari, ka haye bayan shinge, nesa da titi. Ni dai masu tsayawa tsakanin motoci suna duba ɓarna ne ke tayar mini da hankali, don tirelar da ke tafe a baya ba za ta iya tsayawa ba.