An yi min tayin aiki da mai gabatarwa mai zafin baki, in karɓa?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum. An yi min tayin zama mai tace kiran waya, wato mai zaɓar masu kiran da za a saka a iska, a wani shirin rediyo na dare. Mai gabatarwar sananne ne, amma bakinsa ba linzami, sau biyu ana dakatar da shirin. Kuma a ƙarshen kowane shiri sai ya karanto sunayen ma'aikatansa. Abin da ke damuna ke nan, kada sunana ya manne da nasa. Zuwa Litinin suke jiran amsa.

Mai Kishi: Karɓi abinka, ɗan'uwa. Rigima ce ke kawo kuɗi a rediyo. Rush Limbaugh, mai gabatar da shirin rediyo na Amurka, da tsokana ya yi suna tun 1988, har ya kai ga dala miliyan 400 a shekara.

Malamin Lissafi: Ba a shekara ba. Kwantiragin 2008 ne, na shekara takwas. Kuma shi aka ba, ba mai ɗaga masa waya ba.

Tsohon Furodusa: Ƙanena, shekara huɗu na yi a wannan kujerar. Maigidana ya kan ce in saka masa masu kiran da suka fi fushi, masu hankali in bar su a layi har su gaji. Wata rana wani ya kira ya yi wa wata baiwar Allah ƙazafi da sunanta. Muna da na'urar jinkirta murya ta daƙiƙa bakwai, na kai hannu zan katse, ya yi min alama in bari. Washegari masu talla uku suka janye. Wa aka kora? Ni. Aka ce ni na saka kiran. Shi hutun mako biyu ya yi, ya dawo masu sauraro sun ƙaru. Wata tara ina neman aiki, duk inda na je sai a ce, "Ba kai ne na wane ba?" Har yau in na tuna matar nan ba na jin daɗi.

Maman Biyu: Allah Ya saka maka, Malam. Limbaugh ɗin ma ai a 2012 da ya ci mutuncin ɗalibar nan Sandra Fluke, masu talla sun gudu, amma ya ci gaba da shirinsa har ya rasu a 2021.

Mai Kishi: Malam, da girmanka, zamaninku daban. Labarin mutum ɗaya ba zai hana yaro abinci ba.

Tsohon Furodusa: Ka taɓa shiga situdiyo?

Mai Kishi: Shekara goma ina kiran shirye-shirye.

Na Gefe: To Ɗan Auta, in ka karɓa ga wanda za ka fara katsewa.

Ɗan Auta: Don Allah batun karanto sunan fa? Zan iya cewa a cire nawa?

Maman Biyu: Tunda ga masu tace kira a nan, ku faɗa min gaskiya. Me ya sa kullum mutum biyar ɗin nan ne ke samun layi? Ni minti ashirin na yi a riƙe, da aka ɗauka na yi sallama sai aka ce lokaci ya ƙure.

Tsohon Furodusa: Hajiya, akwai lambar da ba a faɗa a iska. Ita suke kira.

Maman Biyu: Ai na sani! Wa ke raba ta?