Kos ɗin muhalli ne ya fito min, in karɓa ko in sake JAMB?

Ɗan Kurna:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Injiniyarin na cike a BUK amma kos ɗin kula da muhalli aka ba ni, yanzu Baba sai tsiya yake min wai digirin kwasar shara zan yi, ni kuma wallahi ban ma san me ake koyarwa ba.

Anti Zee:
Hhhh ƙanina gaishe da Baba, amma ba haka ba ne. Ni shi na karanta. Kos ne mai haɗe-haɗe, za ka taɓa jogirafi, kemistiri, ilimin halittu, tattalin arziki har da doka, ranar farko ma sai ka rasa sashen da kake. Furojet ɗina a kan ruwan Jakara na yi, mu ɗebo shi a kwalba baƙi ƙirin yana wari mu kai lab, kuma da ruwan nan ake ban ruwan latas da kabeji a bayan gari, tun lokacin na daina cin salak a waje.

Malam Na Dorayi:
Aiki kam akwai NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, da aka kafa a 2007, akwai ma'aikatar muhalli, ga dokar EIA ta 1992 da ta ce sai an duba illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Sai dai fa yaro ka dage ka iya GIS, wato aikin haɗa taswira da bayanai a kwamfuta, takarda kaɗai ba ta isa.

Ɗan Kurna:
Na gode Malam. Anti lissafin fa, da yawa? Nan ne matsalata.

Anti Zee:
Akwai kam amma bai kai na injiniyarin ba, ka je ka yi rajista kawai.