Robar mahaifa: shin ta fi allura sauƙi ga mai son tazara mai tsawo?

Maman Yara Uku ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekarata 33, 'ya'yana uku, ƙaramin yana da wata biyar kuma nono zalla nake ba shi. Haihuwarsa ta zo da wahala har sai da aka ƙara mini jini, shi ya sa ni da maigidana muka amince cewa jikina yana bukatar hutu na aƙalla shekara biyar. A baya allurar wata uku nake yi, amma kuɗin allurar da na mota da yinin da ake ɓatawa a layi sun yi mini yawa, har na yi wata biyu ban koma ba, kuma a wannan tsakanin ne na sami cikin ƙarshe. Wata ma'aikaciyar jinya ta ba ni shawarar robar mahaifa, wadda ake kira IUD, ta ce idan aka saka ta sau ɗaya an huta shekaru. Ina so in san ko da gaske ta fi sauƙin kuɗi, da kuma gaskiyar maganar da ake yi cewa tana yawo a jiki har ta kai zuciya. Abin da ya fi damuna shi ne, tun ina budurwa jinin al'adata yana da yawa, yakan kai kwana bakwai.

Ungozoma ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya jaririn, ya ƙara miki lafiya. Robar mahaifa iri biyu ce, kuma bambancinsu ya shafe ki kai tsaye saboda abin da kika ambata a ƙarshe.

Ta farko ita ce mai jan ƙarfe. Ƙaramar roba ce mai siffar harafin T, an naɗe ta da siririyar wayar jan ƙarfe, kuma babu wani magani a cikinta. Jan ƙarfen ne yake kashe ƙarfin ƙwayoyin maniyyi, ya hana su haɗuwa da ƙwan mace. Samfurin da aka fi sani, wato TCu 380A, yana aiki shekara 10, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce yakan kai 12. Ta biyu tana ɗauke da sinadarin levonorgestrel, wanda take saki kaɗan-kaɗan a cikin mahaifa, ya kaurara majinar bakin mahaifa, ya kuma rage kaurin shimfiɗar cikinta. Samfurinta da ake kira Mirena a yanzu an amince da amfani da shi har shekara 8. A duka biyun, cikin mata 100 da suka yi shekara guda da robar, wadda za ta yi ciki ba ta kai ɗaya ba, alhali a allura, yadda mata suke amfani da ita a zahiri tare da mantuwa da makara, ana samun kusan huɗu.

Game da kuɗi, ki yi lissafin da kanki. Shekara biyar ɗin da kike so tana nufin zuwa asibiti sau 20 idan allura ce, ko shan ƙwaya sama da 1,800 idan ƙwayoyi ne. Robar kuwa ranar sakawa ce, sai komawa dubiya bayan sati uku zuwa shida, sai ranar cirewa. Nauyin kuɗinta a farko yake, bayan nan babu abin da za ki saya, kuma mai jan ƙarfe tana cikin hanyoyin tazara mafi araha idan aka raba kuɗinta a kan shekarun da take aiki.

Sai dai ban yarda ki zaɓa saboda araha kaɗai ba. Mai jan ƙarfe tana ƙara yawan jinin al'ada da ciwon mara, musamman a wata uku zuwa shida na farko, kuma macen da take yin kwana bakwai, wadda aka ƙara wa jini wata biyar da suka wuce, tana iya faɗawa ƙarancin jini. Mai sinadarin kuwa akasin haka take yi: bayan 'yan watannin ɗigon jini marar tsari, al'ada takan ragu ƙwarai, wasu ma ta ɗauke musu gaba ɗaya ba tare da wata illa ba, har likitoci suna saka ta a matsayin maganin yawan zubar jini. Ta fi tsada, kuma ba ko'ina ake samunta ba, amma da ƙanwata ce ke, ita zan fara nema miki.

Maganar zuwa zuciya ba gaskiya ba ce, domin babu hanyar da ta haɗa cikin mahaifa da zuciya wadda roba za ta bi. Abin da yake faruwa, kuma da wuya, kusan sau ɗaya cikin 1,000, shi ne robar ta huda bangon mahaifa a lokacin sakawa. Haɗarin yana ɗan ƙaruwa ga mai shayarwa, don haka ki faɗa wa mai sakawar cewa kina shayarwa, kuma ki tabbatar ƙwararriya ce da ta saba da aikin. Duka nau'o'in biyu ba sa taɓa nono.

Hajiya Babba ta amsa:

'Yata, ni mai jan ƙarfe na saka bayan haihuwata ta huɗu, na yi shekara bakwai da ita. Ba zan ɓoye miki ba, ranar sakawa na ji murɗar mara mai ƙarfi na 'yan mintuna, kuma al'adata uku ta farko ta zo da yawa har na yi tunanin komawa a cire. Ungozomar ta ba ni ibuprofen da ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce in ƙara haƙuri, kuma kafin wata shida komai ya daidaita. Amma ni tun asali kwana huɗu nake yi, don haka kada ki auna kanki da ni. Da muka so ƙarin haihuwa aka cire, cirewar ba ta ɗauki minti biyu ba, kuma bayan wata uku na sami ciki. A wurina wannan shi ne babban fifikonta a kan allura, wadda takan sa mace ta yi watanni tana jira bayan ta daina. Maigidana ya taɓa cewa yana jin siririn zaren robar, wanda yake leƙowa ta bakin mahaifa, a farko, aka rage tsawonsa, daga baya zaren ya yi laushi, maganar ba ta sake tasowa ba.

Zinariya ta amsa:

Anti, ina so in ƙara abin da ya same ni, domin ki kula. Tawa ta zame a wata na biyu, lokacin al'ada, kuma ban sani ba sai da na ji wani abu mai tauri a bakin mahaifa. Wadda ta saka mini ba ta koya mini yadda ake taɓa zaren ba, ba ta kuma ce in dawo dubiya ba. Daga baya na fahimci cewa zamewa takan faru ga wasu mata, galibi a watannin farko, kuma masu yawan jini sun fi fuskantarta. An sake saka mini wata, yanzu shekara uku ke nan lafiya. Ki nemi a nuna miki yadda za ki duba zaren bayan kowace al'ada, kuma idan kina da ƙaiƙayi ko fitar ruwa mai wari, a fara yi miki maganin sanyi kafin a saka, tunda robar ba ta kariya daga cututtukan da ake ɗauka ta saduwa.

Maman Yara Uku ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama Ungozoma, al'adata ba ta dawo ba tun da na haihu. Shin sai na jira ta dawo kafin a saka? Idan kuma ban sami mai sinadarin ba, ko kuɗinta ya fi ƙarfinmu, mene ne mafita?

Ungozoma ta amsa:

Ba sai kin jira ba. Ana sakawa cikin awa 48 da haihuwa, ko daga sati huɗu zuwa sama, muddin an tabbatar babu ciki. Kariyar da shayarwa take ba ki tana aiki ne kawai idan jaririn bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha, kuma al'ada ba ta dawo ba, wato saura wata guda ke nan, don haka kada ki jinkirta. Ki je a auna jininki tukuna, a kuma bincika ko akwai ƙari, wato tsiro a mahaifa, da ke jawo yawan jinin. Idan jinin ya koma daidai, za ki iya gwada mai jan ƙarfe tare da ƙwayoyin ƙarin jini, a sake aunawa bayan wata uku. Idan har yanzu yana ƙasa, ashanar da ake sakawa a damtse, wadda take aiki shekara uku zuwa biyar gwargwadon nau'inta, ta fi dacewa da ke. Bayan an saka robar, in kika ji zazzaɓi da ciwon mara mai tsanani a sati ukun farko, ko kika daina jin zaren, ko kika ga alamun ciki, ki koma asibiti a ranar.