Musayar waƙa: ƙanina koci ne, ina zai dosa?

Yayan Koci (Jahun, Bauchi): Salam 'yan uwa. Yau da damuwa na zo, kuma kun san dokarmu, mai magana ya yi da baiti. Ƙanina ne shekararsa 28, guiwa ta raba shi da buga ƙwallo tun yana saurayi sai ya koma horar da yaran unguwa yau shekara huɗu kenan, to yanzu wani kulob na ƙaramin rukuni ya kira shi mataimakin koci, Hajiyarmu kuma ta ce ya zo ya zauna shagon Baba a Wunti ya huta da wahala.

Ƙanina ya bar taka leda saboda guiwa,
Ya rataya usur, yara yake horarwa,
Filin firamare, ƙura na turnuƙewa,
Ba ko sisi, sai "Allah ya biya" ake cewa.
Yau an kira shi, kulob na son gwadawa,
Hajiya ta ce shagon Wunti na jiran buɗewa,
Ni na rasa me zan ce da shi 'yan uwa,
Koci a ƙasar nan yana da wurin zuwa?

Ɗan Pantami (Gombe): Yaya ka yi haƙuri da abin da zan faɗa wlh ba ƙiyayya ba ce.

Yaya ka saurara, zancen akwai ɗaci,
Na ga irin riƙon da ake yi wa koci,
Wasa uku a jere in bai samo ci,
Kafin asuba an ce ya sauka daga benci.
Albashi kuwa sai an bi shi da naci,
Wata huɗu ba ko na cefanen abinci,
A ci shi a gida, zagi da cin mutunci,
Shago dai naka ne, kai ke da 'yanci.

Abokina ya yi wannan aikin kaka biyu, har yau yana bin kuɗinsa, ba zan kira sunan kulob ɗin ba.

Abban Sadiƙu (Yelwa, Bauchi): Haba Ɗan Pantami!

Ka firgita yaro tun ba a busa usur na fara wasa,
Akwai Nagelsmann can Jamus, shi ma guiwa ce ta kai shi ƙasa,
Yana ɗan 20 ya rataye takalmin ƙwallo ya rungumi allo da littafinsa,
2016 Hoffenheim ta ba shi ragama, 28 ne shekarunsa,
Kulob na dab da nutsewa ya tsamo shi ya ɗaga shi bisa,
2023 Jamus ɗungurungum ta damƙa tawagarta a hannunsa.
Sa'an ƙaninka ne fa a lokacin, Yaya ka duba lamarinsa,
Guiwar ƙafa ta tafi, kar ku kashe masa ta zuciyarsa.

Ɗan Pantami:

Abban Sadiƙu ka kai mu Jamus doguwar tafiya,
Can mai horar da yara ma ana biyansa, ga takarda ga kariya,
Nan in ba ka da uwa a gindin murhu, tuwonka sai ka ci gaya.

Malam na Jekadafari (Gombe): Yarana duk kun faɗi gaskiya, amma kun tsallake na gida.

Ku bar Jamus ku dawo gida mu duba da tsanaki,
Manu Garba namu ai shi ma ya zauna a mataimaki,
2007 a Koriya yana bayan marigayi Yemi Tella wurin aiki,
Suka ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 aka sha biki.
Shekara shida tsakani, 2013 aka ba shi linzamin doki,
Ya ci Meziko 3 da nema a Abu Dabi, duniya na mamaki.
Kujerar mataimaki aji ce, ya zauna ya koya ban da raki.

Amma Yayan Koci abu ɗaya nake so ka tambaye shi yau ɗin nan, yana da takarda? Lasisin koci na CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, hawa hawa ne, D sannan C sannan B sannan A, kuma akwai makarantar NIS, cibiyar koyar da wasanni ta ƙasa, a Surulere ta Legas da masu horarwa da yawa suka bi ta cikinta. Duk basirar yaro in ba lasisi a aljihu to zai tsufa yana jera wa wani kayan atisaye a fili, ranar wasa kuma sunan wani ne a takardar alƙali.

Abban Sadiƙu: Malam a nan kam na sallama. Na tuna Will Still, 2022 Reims ta Faransa ta ba shi kulob yana ɗan 30 ba shi da babban lasisin, aka riƙa cin kulob ɗin tarar Yuro dubu 25 duk wasa har sai da ya shiga kwas.

Can sun ga haske sun yarda su biya masa tara,
Nan wa zai biya maka, kai da ake bin ka da ƙorafi tun fara?
Ya nemi takarda tun yanzu kafin shekaru su ƙara.

Maman Halifa (Ƙofar Ran): Ni ban san su CAF ba, ni uwa ce, ɗana yana cikin yaran da yake horarwa shi ya sa na kasa shiru.

Ɗana da ba ya son ko jin sunan makaranta,
Koci ya ce ba jesi sai ka nuna abin da ka karanta,
Yanzu da asuba yake tashi, sallah ba ya tsallake ta,
Ku gaya wa Hajiya wannan ma sana'a ce a daraja ta.
Ina masa fatan ɗaukaka, zuciyata dai ga damuwarta,
In ya tafi, tawagar yaran nan wa zai riƙe ta?

Na Wikki Har Abada (Bakaro): Anti kin sa jikina ya yi sanyi. Bari in koma amsa-amon Yaya.

1998 Wikki, kulob ɗinmu na Bauchi, ta ɗau kofin ƙalubale muna ta murna da rawa,
2016 Abdu Maikaba ya kai mu na uku a lig, Afirka muka samu zuwa,
Tun ranar nake roƙon Allah ya ba mu ɗan gida mai iyawa,
Wanda ya san ƙurar Jahun da Kobi tun yana tasowa,
In gan shi tsaye bakin layi a filin Tafawa Ɓalewa.

Yayan Koci: Na miƙa masa waya ya karanta duka, ya daɗe shiru a kan baitin Anti, ga amsarsa da hannunsa.

Malam na gode, takarda ba ni da ita tukuna,
Kwas ɗin farko zan nema, shi ne yanzu a gabana,
Yaya na Pantami na ji, ba zan tafi da alƙawarin baki ba a hannuna,
Sai an rubuta albashi da wa'adi na sa hannu da sunana.
Anti kar ki damu, kyaftin ɗinmu zai riƙe yara a bayana,
Duk hutun lig ina fili da la'asar kamar yadda na saba da kaina,
Safiya kuma ta shagon Baba ce, in dai Hajiya ta sa albarka a tafiyar nan tawa da burina.

Ɗan Pantami: To ƙanina, tunda ka ƙudura.

Kafin ka sa hannu turo min takardar in karanta layi layi,
Na ga inda aka cuci abokina, na san inda ake ɓoye rami,
Kuɗin kwas kuma a buɗe karo-karo, ni ne farkon mai yi.

Yaya ka turo lambar akawun ta inbos, kuma ranar da za ku je wurin Hajiya ku ɗauki Malam a waya ya yi mata bayani da bakinsa, ta fi jin maganar manya.

Malam na Jekadafari: Ku kira ni bayan isha'i, ina gida.